DARASI: A ZAUNA A YI LISSAFI KAFIN A KAFA INJIN NIƘA

'Yan'uwana cikin Kristi, a Bishara ta Luka, sura 14, Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin mutumin da ya kafa harsashin gini ba tare da ya lissafta abin da zai kashe ba, aikin ya gagare shi, ya zama abin dariya. Ko da yake maganar a kan almajiranci take, akwai darasi a cikinta ga ƙungiyoyin Ikkilisiya masu tara gudummawa su sayi injin niƙa. Sau da yawa inji yana ta ruri daga safe har yamma, amma ƙarshen wata asusu babu kome, sai zargi ya shiga tsakanin 'yan'uwa. Ba kullum ne sata take jawo haka ba. Wani lokaci rashin sanin lissafi ne.

Kuɗin da ake kashewa a kowace sana'a iri biyu ne. Na farko shi ne tsayayyen kuɗi, wanda dole a biya ko an yi aiki ko ba a yi ba: hayar shago, albashin mai gadi, da biyan bashin inji. Na biyu shi ne kuɗi mai bin aiki, wanda yake ƙaruwa gwargwadon yawan niƙa: man inji, gyara, da ladan mai niƙa. Alfred Marshall, masanin tattalin arziki na ƙasar Ingila, ya yi bayanin irin wannan bambanci a littafinsa na 1890. Idan aka haɗa su biyu, aka raba da yawan mudun da aka niƙa, za a sami matsakaicin kuɗin da kowane mudu ya ci.

Ga misali domin koyo. A ce tsayayyen kuɗi naira 6,000 ne a rana, kuɗi mai bin aiki kuwa naira 100 a kan kowane mudu. Ran da aka niƙa mudu 20, kowane mudu zai ɗauki naira 300 daga tsayayyen kuɗi, a ƙara 100, ya zama 400. A mudu 60 zai sauko zuwa 200, a mudu 100 kuma zuwa 160. Dalili kuwa shi ne kaya ɗaya ne ake raba wa kawuna da yawa, sai ya yi wa kowa sauƙi.

Amma saukar tana da iyaka. Inji ɗaya ne, shago ɗaya ne. In aka matsa masa sai ya yi zafi, ya sha mai fiye da ƙima, bel ya tsinke, a ɗauki ƙarin ma'aikaci wanda rabin yininsa jira ne. A ce a mudu 150 kuɗi mai bin aiki ya hau zuwa naira 140. Rabon tsayayyen kuɗi ya ragu zuwa 40, amma jimla ta koma 180. A mudu 200, in ya kai 190, a ƙara 30, ya zama 220. Wanda ya zana waɗannan lambobi a takarda zai ga layi ya gangara, ya kwanta, sa'an nan ya sake hawa, kamar cikin ƙwarya. Jacob Viner na Jami'ar Shikago a Amurka ya yi fitaccen rubutu a kan irin wannan zane a 1931. Gindin ƙwaryar shi ne inda aiki ya fi arha.

To, a ce ana karɓar naira 180 a kan mudu. A mudu 20 za a sami 3,600, a kashe 8,000. Sai an kai mudu 75 kafin a mayar da abin da aka kashe. A mudu 100 ribar 2,000 ce. A mudu 150 babu riba babu hasara, a mudu 200 kuwa hasarar 8,000 ce, alhali kowa yana murna kasuwa ta buɗe. Sa'an nan a lura: ran da ciniki ya yi ƙasa, rufe shago hasarar 6,000 ce, buɗewa a niƙa mudu 20 kuwa hasarar 4,400. Muddin farashi ya fi kuɗi mai bin aiki, gara a buɗe na ɗan lokaci, amma ba za a dawwama a haka ba. In kuma mai ya yi tsada, kamar yadda ya faru bayan janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, ƙwaryar gaba ɗaya takan ɗaga sama, dole a sake lissafi.

Saboda haka, kafin kwamiti ya taɓa kuɗin jama'a, ya rubuta amsar tambayoyi uku. Nawa za mu biya ko da inji bai tashi ba? Nawa kowane mudu yake ci? Mudu nawa unguwarmu za ta iya kawowa a rana, rani da damina? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada kuma a nemi sauƙi ta hanyar danne hakkin ma'aikaci, gama wannan ba riba ba ce a gaban Allah. Kuɗin nan gumin gwauraye ne da manoma, amana ce a hannunmu.

Ubangiji ya ba mu hikima da riƙon amana. Amin.