Ƙasusuwan Wuyan Ɗan Adam

Kowane ɗayanku ya sunkuyar da kansa, ya kai hannu ƙeyarsa, ya bi da yatsa sannu a hankali zuwa ƙasa. Daidai inda wuya ya gamu da baya, zai ji wani ƙashi ya turo kamar ƙwallon dabino. To, ku riƙe wannan wuri a ranku, za mu komo kansa.

Wuya ba ƙashi guda ba ne kamar sanda. Ƙasusuwa ne ƙanana guda 7, an ɗora su bisa juna kamar jeren kwanoni a ɗakin amarya. Tsakanin yawancinsu akwai guringuntsi mai taushi, aikinsa ɗaya da na gammo, watau ya hana su gugar juna. Kowane ƙashi kuwa da rami a tsakiyarsa. Ramukan nan su suka haɗu suka zama hanyar da laka ta ke bi, daga ƙwaƙwalwa har cikin gadon baya. A gefe da gefe kuma akwai waɗansu ƙananan ƙofofi, inda jijiyoyi biyu su ke bi su kai jini ƙwaƙwalwa.

Na farkonsu, wanda ya ke ɗauke da ƙoƙon kai, kamar zobe ya ke. Likitoci suna kiransa Atlas, sunan wani ƙato ne a tatsuniyar mutanen Girka na dā, wanda aka ce shi ke ɗauke da sama a kafaɗarsa. Na biyu yana da wani tsini kamar turke, zoben nan yana juyawa a kansa. In ka girgiza kai ka ce a'a, waɗannan biyu su ke yin yawancin aikin.

Wani abin mamaki, ko raƙumin dawa, duk da tsawon wuyan nan nasa, ƙasusuwa 7 gare shi, sai dai kowane ɗaya ya kan kai wajen inci 10. Ɓera ma 7 gare shi. Cikin dabbobi masu shayar da 'ya'yansu nono, kaɗan ƙwarai suka saɓa wa wannan lissafi. Ɗaya daga cikinsu shi ne ayu, wanda a ke samu a Kwara da Binuwai, shi 6 gare shi.

To, tun da ya ke lissafin ɗaya ne, kada ku zaci wuyan kowa daidai ya ke da na ɗan'uwansa. Yadda fuskoki suka bambanta, haka ƙasusuwa su ke bambanta, sai dai fata ta rufe su ba a gani.

Ga misali. Mutum yana da haƙarƙari 12 a dama, 12 a hagu, dukansu kuwa daga ƙasusuwan baya suka fito. Amma a kan haifi wani da ƙarin haƙarƙari wanda ya tsiro daga ƙashin wuya na bakwai. Ga wani a gefe ɗaya ne, ga wani gefe biyu. Na wani ɗan guntu ne, bai fi gaɓar yatsa ba, na wani kuwa dogo, har ya lanƙwaso ya taɓa haƙarƙari na fari. Wajen mutum 1 cikin 200 a ke samu da shi. Ashe ke nan makarantar da ke da yara 400 ba ta rasa ɗaya ko biyu, su kansu kuwa ba su sani ba.

Yawancin masu ƙarin haƙarƙarin nan har su tsufa ba ya damunsu da kome. Amma wurin da ya ke fitowa matsattse ne, ta nan kuwa jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa hannu su ke wucewa, tare da babbar jijiyar jini. In ƙashin ya danne su, sai mutum ya riƙa jin hannunsa yana mutuwa, ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna yi masa kamar tafiyar kiyashi. Wani lokaci hannun ya yi sanyi, ko ya rasa ƙarfin riƙe fartanya, tun ba in ya ɗaga shi sama ko ya rataya kaya mai nauyi ba. Irin wannan ba a maganinsa da tsaga ko ƙaho, gama abin da ke kawo ciwon yana can gindin wuya. A asibiti a kan fara da koya wa mutum motsa jiki irin wanda zai buɗe wurin. In abin ya ƙi, sai a yi aiki a cire ƙashin. Tun a shekarar 1861 wani likita a birnin Landan, mai suna Holmes Coote, ya yi irin wannan aiki, aka kuwa dace. A lokacin nan babu na'urar ɗaukar hoton ƙashi, don sai a 1895 wani Bajamushe, Röntgen, ya gano hasken da a ke ɗaukarsa da shi.

Akwai kuma wanda a kan haifa ƙasusuwan wuyansa biyu ko fiye sun manne sun zama ɗaya. Dalili kuwa, tun jariri yana 'yan makonni a ciki ƙasusuwan nan su ke rarrabuwa, in rabuwar ba ta cika ba sai su zauna a haɗe. Ba laifin uwa ba ne, ba kuwa aikin maita ba. Likitoci biyu na ƙasar Faransa, Klippel da Feil, su suka bayyana shi a 1912, har yau kuwa da sunansu a ke kiransa. Ba shi da yawa, an ƙiyasta jariri 1 cikin 40,000. In mannewar ta yi yawa, wuyan yaro ya kan zama gajere, gashin kansa ya sauko har ƙeya, in zai waiwaya sai ya juya da jikinsa duka. In kuna da irinsa a ajinku, kada ku yi masa ba'a, kada kuma ku ja shi kokawa. Ƙasusuwan da suka rage a sake su ke ɗaukar aikin waɗanda suka manne, saboda haka faɗuwar da wani zai tashi ya karkaɗe riga, shi tana iya taɓa masa laka.

Waɗansu bambance-bambancen ƙanana ne. Wajen mutum 1 cikin 6, alal misali, yana da wata 'yar gadar ƙashi a bisa Atlas, wadda ta rufe jijiyar jinin da ke wucewa ta wurin, ko duka ko rabi. Mai ita ba ya jin kome, amma likitan da zai yi aiki a wurin tilas ya san da ita.

Yanzu mu koma ga ƙashin nan da kuka taɓa da fari. Ga yawancin mutane, tsinin ƙashi na bakwai ne. Ga waɗansu kuwa na shida ne ya fi turowa, ga waɗansu na farkon ƙasusuwan baya. Shi ya sa likita ba ya dogara ga yatsa kaɗai in zai yi aiki a wuya. Sai ya ɗauki hoto, ya fara ƙidaya daga Atlas, ɗaya bayan ɗaya, har ya kai ga wanda ya ke nema.