ILMUL HIYAL: DARASI GAME DA MUTUM-MUTUMI A HANNUN YARA

Dukkan yabo ya tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, jama'a masu karatu, darasinmu na wannan mako ya shafi wani abu da yake damun iyaye. Uba zai ga ɗansa ya komo daga makaranta da 'yan wayoyi da batir da ƙananan tayoyi, yana cewa malaminsu ya sa su haɗa mutum-mutumi. Sai zuciyar uban ta kasu biyu: ga son yaro ya sami ilmi, ga kuma tsoron kada a jefa shi cikin ƙera siffa wadda Shari'a ta hana. Kafin a kai ga hukunci ya kamata a san abin tukuna, gama ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimce shi.

Da fari dai, yawancin tsoron nan daga majigi ya fito. Kalmar robot da Turawa suke amfani da ita ta soma bayyana ne a shekarar 1920 cikin wani wasan kwaikwayo na Karel Capek, marubuci mutumin Cekoslobakiya ta wancan zamani, asalinta kuwa wata kalma ce ta harshensu mai ma'anar aikin tilas. A cikin wasan, bayin da aka ƙera sun yi wa mutane tawaye har suka hallaka su. Masu shirya fina-finai suka bi wannan sawu, kamar Terminator na Amurka a 1984, da Enthiran na Indiya a 2010, inda mutum-mutumi ya kamu da son mace ya juya wa wanda ya ƙera shi baya. Wannan duka ƙagen labari ne don nishaɗi. Na'ura ba ta da rai, balle so ko ƙiyayya.

To, mu Musulmi muna da tsohon suna ga wannan fanni, shi ne Ilmul Hiyal. Hiyal jam'in hila ne, kalmar da Hausa ta ara ta taƙaita ta ga wayo da yaudara, amma a wurin malaman da ma'anarta ita ce dabarar da ake sarrafa ruwa da iska da nauyi da ita su yi wa mutum aiki. A Bagadaza, wajen shekara ta 850 Miladiyya, 'ya'yan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, sun bar littafi mai suna Kitabul Hiyal wanda ya ƙunshi na'urori kimanin 100, cikinsu har da fitilar da take ƙara wa kanta mai, ta kuma tura lagwaninta da kanta.

Bayansu sai Isma'ila ɗan Razzaz Al-Jazari, injiniyan fadar Sarkin Amid, garin da yanzu ake kira Diyarbakir a ƙasar Turkiyya. A shekarar 1206 ya kammala littafinsa mai bayanin na'urori 50. Mafi shahara a cikinsu shi ne agogon giwa, ga kuwa yadda yake aiki. A cikin cikin giwar akwai mazubin ruwa, a kan ruwan an ɗora tasa mai 'yar huda a gindi. Ruwa yana shiga ta hudar sannu a hankali, cikin rabin sa'a tasar ta nutse. Nutsewarta sai ta ja igiya, igiyar ta saki wani dunƙulen ƙarfe daga sama, ya fito ta bakin shaho ya faɗa bakin maciji. Nauyinsa ya rinjayi macijin ya sunkuyo, sunkuyawar ta jawo tasar sama ta zubar da ruwanta, sa'an nan mutum-mutumin da yake bisa wuyan giwar ya yi bugu, alamar rabin sa'a ta cika. Haka kuma ya ƙera wurin wanke hannu inda ruwa yake zubowa daga bakin ɗawisu. Idan ruwan da aka yi amfani da shi ya taru ya kai wani matsayi, sai ƙofa ta buɗe wani ɗan mutum-mutumi ya miƙo abin wanki, in ya ƙara taruwa wani ya miƙo tawul.

Abin lura a nan shi ne, Al-Jazari bai ɓoye sirrinsa don a ce yana da aljanu ba. Ya zana kowane ɓangare, ya faɗi awonsa, domin wani maƙeri ya karanta ya yi irinsa. Nan bambancin malami da boka yake: boka yana rayuwa da jahilcin mutane, malami kuwa yana buɗe cikin giwa ya nuna musu tasa da igiya.

Mutum-mutumin da ake koya wa yara a yau bisa wannan tsari yake, sai dai lantarki ya maye gurbin ruwa. Sassansa uku ne: idon lantarki mai gane haske ko nisa, da ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umurni, da ɗan injin da yake juya taya. Alal misali, ana ja baƙin layi a kan farar takarda a ce na'urar ta bi shi. Fari yana mayar da haske, baƙi yana shanye shi. Saboda haka yaro zai rubuta umurni cewa in idon hagu ya ga baƙi, tayar hagu ta sassauta, sai na'urar ta karkata hagu ta koma kan layi. In ya yi kuskure ta kauce, ba wanda zai zarga sai lissafinsa. Seymour Papert da abokan aikinsa a Amurka su ne suka fito da harshen Logo a 1967, wanda yara suka riƙa tuƙa wata na'ura mai suna kunkuru da shi. Allon Arduino kuwa, wanda masu sha'awar ƙere-ƙere suke amfani da shi a gida, an fito da shi a Italiya a 2005. Yaron da ya saba yin motar kara ko ta gwangwani, rabin aikin yana hannunsa tun tuni.

Amfanin wannan ilmi bai tsaya ga wasa ba. 'Yan matan Herat ta ƙasar Afganistan, waɗanda aka hana wa biza har sau biyu kafin a bar su su shiga gasar mutum-mutumi a Washington a 2017, su ne a 2020, lokacin annobar korona, suka haɗa na'urar taimakon numfashi da kayan mota.

Yanzu sai hukunci, shi kuwa kashi uku ne. Na farko, na'urar da ba ta da siffar mai rai, kamar akwati mai tayoyi ko hannun ƙarfe mai ɗaukar kaya. Wannan ba ta shiga babin hani ba ko kaɗan, ita da keken ɗinki duk ɗaya ne, kuma mafi yawan abin da ake yi a makarantu irin wannan ne.

Na biyu, abin wasan yara mai siffa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu, ya tambaye ta, ta ba shi amsa, ya yi dariya bai hana ba. Alƙali Iyal na mazhabar Malikiyya yana cikin waɗanda suka ce an keɓe 'yan tsana daga hani saboda tarbiyyar da take cikinsu. Malamai da dama na zamanin nan sun yi ƙiyasin kayan koyarwa a kan wannan.

Na uku, cikakkiyar siffar mutum ko dabba mai inuwa, wadda aka ƙera don ajiyewa ko girmamawa. Wannan ita ce malaman Malikiyya suka haramta, ko da tana motsi ko ba ta yi. Aikin Al-Jazari kansa hujja ce ta tarihin ilmi, ba fatawa ba ce. Wanda yake son fita daga saɓani sai ya bar fuska da kammala gaɓoɓi, gama idon lantarki ba ya bukatar gira.

Saboda haka, ya kai uba, kada ka ƙwace wayoyin nan ka watsar. Zaunar da yaron ka ce ya buɗe maka cikin abin, ya gaya maka wane sashe ne yake gani, wane ne yake juyawa, wane umurni ya rubuta. In ya iya bayani, to, ya kama hanyar 'ya'yan Musa da Al-Jazari. Ka dai kula kada abin ya cinye masa lokacin salla da na karatun allo. Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani, amin.