Kiwon Tarwada a Gida: Hattara da Ja-da-Yalo

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi masu kiwon tarwada a tsakar gida, har ma da mu masu saye mu sa a tukunya.

Da yawanmu a cikin birni wurin 'yan garuwa muke sayen ruwa. To, sai uwargida ta ji ƙyashin sauya wa kifi ruwa, ga su cunkushe a roba guda, kashinsu da ragowar abinci suna ruɓewa a ƙasa. A irin wannan ruwa ne ƙwayar cuta mai suna Aeromonas, wadda dama tana cikin ruwan, take samun galaba a kan kifin. Sai ki ga gyambo ja a jikinsa, ciki ya kumbura, ya daina cin abinci, da safe a tarar wasu sun mutu.

Me aka saba yi? A aiki yaro kemis ya sayo kafso ja-da-yalo, wato tetracycline, a fasa a zuba, ba awo ba lissafi. Wallahi na sha ganin haka a gidajen iyayen ɗalibaina. Maganin zai kashe raunanan ƙwayoyin, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, har su ba wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Ranar da aka zubar da ruwan, ya bi kwata ya nufi Jakara, ta lungun da yaranmu ke wasa ba takalmi. Gobe yaro ya kwanta, likita ya rubuta irin wannan magani, a sha a ga shiru. An ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani.

Saboda haka, 'yar uwa, fara da ruwa: ki riƙa sauya shi, ki rage cunkoso, ki ware marasa lafiya, ki binne matattu. In abin ya ƙi, a nemi likitan dabbobi, shi zai faɗi magani da awonsa da kwanakin da za a jira kafin a ci ko a sayar. Sayar da kifin da magani bai fita jikinsa ba cin amanar mai saye ne, kuma dahuwa ba ta kawar da shi duka. In kina da yanka a hannu, ki sa safar roba kafin ki taɓa ruwan, don ƙwayar tana shiga ta rauni.