Nasiha Ga Mai Nufin Ganin Hasken Arewa

Wani aminina, ɗan kasuwa mai sha'awar ganin ƙasashe, ya aiko mini da takardar tsarin tafiya wadda wani dillalin tikiti ya shirya masa, yana neman in duba kafin ya biya kuɗi. Da na karanta sai na tarar an jera masa birane shida cikin kwana goma, daga Reykjavik ta ƙasar Aislan zuwa Oslo, daga nan Tromso, sa'an nan Stockholm da Rovaniemi da Helsinki, alhali kuwa maƙasudin tafiyar duka abu guda ne, watau ya ga hasken nan da ke bayyana da dare a sararin samaniyar ƙasashen ƙarshen arewa, wanda Turawa ke kira aurora. Na hana shi biya. Da yake kuwa irin wannan takarda ta yawaita a hannun mutanenmu masu hali, na ga ya kamata in shimfiɗa dalilina a fili, domin wanda ya yi niyya ya san inda ramin yake tun bai faɗa ba.

Wajibi ne mai tafiya ya fara sanin haƙiƙar abin da zai je nema. Rana tana feso wasu ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, maganaɗisun duniya kuma yana karkatar da su zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, inda suke karo da iskar oksijin da naitirojin a can sama, tsakanin kilomita 100 zuwa 300 daga ƙasa, sai iskar ta yi haske, galibi kore, wani lokaci ja ko shunayya. Hasken yakan zauna ne a wani zobe da ya kewaye ƙuryar duniya, wajen daraja 65 zuwa 70 ta arewa. Don mai karatu ya kwatanta, Kano tana daraja 12. Hasken nan ba baƙon abu ba ne a littattafan Musulmi, gama Ahmad ɗan Fadlan, wanda ke cikin tawagar da Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza zuwa ƙasar Bulgar ta bakin kogin Volga, ya isa can a shekarar 922 ta Miladiyya, ya kuma ba da labarin wani jan girgije da ya gani da dare mai kama da mayaƙa bisa dawakai suna kai wa juna hari, har sarkin ƙasar ya gaya masa cewa kakanninsu suna ɗaukar abin yaƙi ne tsakanin muminan aljanu da kafiransu. Masana da yawa suna ganin wannan hasken ne ya gani.

To, ga inda takardar aminina ta ɓaci. Oslo da Stockholm da Helsinki duka suna wajen daraja 59 zuwa 60, nesa da zoben, cike kuma da fitilun birni, saboda haka duk daren da aka kwana a cikinsu asararsa aka yi, sai fa in an yi wata babbar guguwar rana irin ta watan Mayu na 2024, wadda ba a gina tafiya a kanta. Idan aka cire waɗannan darare, aka kuma cire waɗanda mutum zai iso masauki a gajiye bayan yini guda a filayen jirgin sama, sai ka ga abin da ya saura na ainihin farautar hasken bai wuce dare ɗaya a nan, biyu a can ba. Abin da dillalin bai faɗa ba, ko kuma bai sani ba, shi ne babban hijabi tsakanin mutum da wannan haske gajimare ne. Hasken yana can sama da kilomita 100, gajimare kuwa yana ƙasa ƙwarai, ko da sama ta kama da wuta, in akwai gajimare ba abin da za ka gani sai duhu. Lamarin daidai yake da duban jinjirin watan azumi: watan yana nan, lissafi ya tabbatar, amma hazo ya rufe, sai a cika talatin. Bambancin kawai shi ne mai duban wata yana gida, gobe ma zai fita, shi kuwa mai birane shida gobe yana cikin jirgi.

Na ga wannan da idona a Tromso, birnin da ke kan tsibiri a arewacin Norwe, wanda ruwan teku mai ɗumi ya sauƙaƙa masa sanyi amma ya yawaita masa gajimare. Mun fita bayan isha'i cikin ƙaramar motar wani ɗan jagora, sama a rufe ruf, ya yi ta tuƙi da mu yana duban taswirar gajimare a wayarsa, muka wuce Skibotn, muka hau tudu har kan iyakar Finlan wajen Kilpisjarvi, inda sau da yawa sama takan buɗe idan gaɓar teku ta rufe. Daren nan ba ta buɗe ba. Muka tsaya cikin dusar ƙanƙara, ya hura wuta, ya raba mana shayi, muka jira har ƙafafu suka daina jin kansu, sa'an nan muka juyo, ba mu shiga gari ba sai wajen asuba. A cikin motar akwai wani mutum da matarsa, sun taso daga wata ƙasa mai nisa ta Asiya, dare ɗaya tak aka rubuta musu a Tromso, da hantsi jirginsu zai tashi zuwa Stockholm. Matar ba ta ce uffan ba tun daga kan iyaka har ƙofar masaukinsu. Washegari da dare iska ta kore gajimare, hasken ya fito tun wajen ƙarfe tara, ana ganinsa daga bakin ruwa cikin gari ba tare da an biya kowa ko anini ba, su kuwa suna can kudu suna kallon gine-gine.

Saboda haka hukuncina shi ne mai kwana goma ya taƙaita ga masauki biyu, duka a cikin zoben, ya ba kowanne dare huɗu ko fiye, ya kuma zaɓe su yadda yanayinsu ya saɓa, ɗaya a gaɓar teku ɗaya a cikin ƙasa, domin gajimaren da ya rufe wannan ba lalle ne ya rufe wancan ba. Mafi kyawun haɗin da na sani shi ne Tromso da Abisko. Abisko ƙauye ne ƙarami a arewacin Suwidin, bakin tafkin Tornetrask, duwatsun da ke yamma da shi suna tare ruwan da iska ke ɗaukowa daga teku, shi ya sa samansa ta fi ta maƙwabtansa yawan buɗewa. Illarsa ita ce masaukai kaɗan ne, sai an kama ɗaki tun da watanni, kuma wanda yake son kasuwa da hayaniya zai ƙosa. Hanyarsa mai daɗi ce: jirgin ƙasa yana tashi daga Stockholm da maraice, mutum ya kwana cikinsa, ya ratsa Kiruna mai ma'adinin ƙarfe, ya sauka Abisko bayan kimanin sa'o'i 17, ya tsira da kuɗin otal na dare guda. Daga Abisko layin dogon ya ci gaba zuwa Narvik ta Norwe, tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba, a nan kuwa ya ƙare, gama jirgin ƙasa ba ya zuwa Tromso. Sai a shiga bas, kimanin sa'o'i 4. Wanda ya duba taswira ya ga garuruwan arewa kusa da juna, kada ya ruɗu, domin a jirgin sama galibi sai an komo da shi kudu zuwa babban birni kafin a sake ɗaga shi arewa, yini guda ya tafi ke nan. Aislan tafiya ce mai zaman kanta, a bar ta sai wata shekara. Rovaniemi kuwa a watan Disamba cike take da masu kai yara bikin Kirsimeti, farashi ya hau, ban ga abin da zai kai mai neman haske can a wannan wata ba.

Lokacin ganin hasken yana daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Maris. Da bazararsu dare ba ya yin duhu, a Tromso ma rana ba ta faɗuwa daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan tsakiyar Yuli. Ni na fi son Fabrairu da Maris, lokacin da rana ta dawo ana ganin gari da yini, dare kuma yana da tsawo. Nan ne Musulmi ya fi sauran matafiya wata dabara da ba ya lura da ita, watau kalandar Hijira da ke rataye a ɗakinsa: farin wata yana dusashe hasken in mai rauni ne, don haka a auna tafiya ta faɗo tsakanin 25 ga wata zuwa 5 ga mai kamawa, a guji daren sha huɗu da kewayensa. Akwai ma'aunin da ake kira Kp, daga 0 zuwa 9, wanda sababbin zuwa kan ƙura wa ido dare da rana. Wanda yake cikin zoben ko ma'aunin yana 2 zai iya gani, don haka taswirar gajimare ta Yr, wadda hukumar yanayi ta Norwe ke fitarwa, ta fi masa amfani nesa ba kusa ba.

Biza guda ta Schengen ta wadatar wa ƙasashen nan duka, har Norwe da Aislan da ba sa cikin Tarayyar Turai, amma ƙa'ida ita ce a nema a ofishin jakadancin ƙasar da za a fi daɗewa cikinta, in kwanakin sun yi daidai sai ta farkon shiga. Kuɗinta yuro 90 ne, ba a mayarwa ko an hana, sai kuma inshorar lafiya ta yuro 30,000. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, kuma wanda ya san yadda ake duban fasfo ɗinmu da zato tun kafin a buɗe shi ba zai jira saura mako uku ba. Tsari mai birane biyu ma ya fi sauƙin karewa gaban ma'aikaci da tsarin da ke tsalle tsakanin ƙasashe huɗu.

Kuɗi iri-iri ne, kurona a Norwe da Suwidin, yuro a Finlan, amma kati ake amfani da shi har a sayen ruwan sha, a tabbatar na hannu yana aiki a waje, a riƙe na biyu.

Mas'alar salla ta cancanci tsayawa. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta hudowa a Tromso ko kaɗan, sai wani shuɗin haske na 'yan sa'o'i da tsakar rana, fuƙaha'u kuwa sun yi ijtihadi a kan haka bisa ƙiyasi da hadisin kwanakin Dujal, wanda ya yi umarni da ƙaddara lokutan; wasu sun ce a bi gari mafi kusa da ke da dare da rana, wasu sun ce a bi Makka. Akwai masallacin Alnor a cikin garin, baƙo ya karɓi jadawalinsu ya huta da jayayya. Alƙibla a can kudu take, ta ɗan karkata gabas, wanda ya saba fuskantar gabas ya kiyaye. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi, ke nan mai bin shawarata, in zamansa a wuri guda ya kai haka, zai cika sallarsa, ba ƙasaru. Ya yi alwala a masauki kafin fita, in da hali ya sa huffin fata bisa tsarki, domin cire takalmi a filin da sanyi ya kai daraja 20 ko 30 ƙasa da sifiri, kamar yadda yakan yi a cikin ƙasa, ba ƙaramin hatsari ba ne. Abinci kuwa kifi ya raba gardama, yana da yawa yana da kyau.

Tufafi a sa su hawa-hawa, ulu a jikin fata, a guji auduga. Rigar waje da takalmin ƙanƙara 'yan jagora da yawa suna bayarwa aro, ba sai an saya ba. Waya tana mutuwa da wuri cikin sanyi, a ajiye ta a aljihun ciki. Hayar mota ga wanda bai taɓa tuƙi bisa ƙanƙara ba, cikin duhu, a hanyar da barewar gida ta mutanen Sami ke ratsawa, ban yarda da ita ba ko kaɗan. Kuɗin 'yan jagora yana da zafi, kuma a ganina wasunsu suna cin amanar baƙi da hotunan talla, domin na'urar ɗaukar hoto tana tara haske na daƙiƙoƙi ta fitar da kore shar, alhali ido sau da yawa fari-fari yake gani mai ɗan kore, sai daren da abin ya yi ƙarfi ne launi da motsi suke bayyana sosai. A zaɓi mai ƙaramar mota wanda ya yarda ya yi nisa, a tambaye shi tun farko me zai yi in ba a ga kome ba, a kuma riƙe fasfo a aljihu saboda ana iya ƙetare iyaka. A kama jagora a daren farko, ba na ƙarshe ba, don in an rasa a sami damar sakewa.

Saura batun dawowa. Guguwar ƙanƙara tana rufe filayen jirgi da hanyoyin arewa ba sallama, wanda kuwa ya sayi tikitin Tromso zuwa Oslo daban, na Oslo zuwa Abuja ko Kano daban, don ya rage 'yan kuɗi, in na farko ya makara na biyu ya tashi ba shi, ba wanda zai biya shi, sabon tikiti zai saya da farashin ranar. Ko dai a haɗa tafiyar duka a tikiti ɗaya, ko a sauko kudu kwana guda kafin ranar babban jirgi. Wannan daren shi ne rabon Oslo ko Stockholm a cikin tsarin, ya kuma isa a zaga gari a yi tsaraba.