Tikitin Landan a Watan Yuli: Yaushe Za a Yanka, Ta Ina Za a Bi?

Da zarar watan Maris ya kama, tambayar da 'yan uwa da abokan arziki ke yi mini ɗaya ce: in yanki tikiti yanzu, ko in ɗan jira ya sauko? Bana wani aminina ne ya fara kawo ta. 'Yarsa za ta kammala digiri na biyu a Ingila, bikin yaye su tsakiyar Yuli, shi da mai ɗakinsa suna so a yi da su. Masu irin wannan tafiya sun yi yawa yanzu, ga iyayen ɗalibai, ga masu zuwa ganin jikoki, ga masu ganin likita, shi ya sa na ga ya dace in faɗaɗa amsar da na ba shi.

Tikitin Yuli da Agusta ba ya saukowa. Mutanenmu suna yi masa lissafin ragon layya, a jira jajiberi dillali ya gaji ya karya farashi. Kamfanin jirgi ba ya gajiya. Kujerun baya da kake gani iri ɗaya an kasa su gida-gida a cikin kwamfuta, kowane gida da harafinsa da kuɗinsa. Gidan araha shi ke fara ƙarewa, sai a buɗe na samansa, a haka har a kai ga mafi tsada. Wanda ke zaune kusa da kai yana iya biyan ninkin abin da ka biya, abinci ɗaya za a ba ku. Kamfanoni kan fara sayar da kujeru tun wata goma sha ɗaya kafin ranar tashi, don haka wanda ya zo a Yuni neman kujerar Yuli, ragowar da wasu suka bari zai tarar.

Dalilin cunkoson ba ɓoyayye ba ne. Jami'o'in Birtaniya da yawa a Yuli suke yaye ɗalibai. Makarantun Ingila suna rufewa wajen ƙarshen Yuli sai farkon Satumba, namu na gida ma a daidai lokacin suke dogon hutu. 'Yan Najeriya mazauna can suna kwaso iyali su zo gida, su koma ƙarshen Agusta, daidai lokacin da sababbin ɗalibai ke tururuwar tafiya. Saboda haka tashi daga Abuja ko Legas zuwa Landan tsakanin ƙarshen Agusta da tsakiyar Satumba yana cikin mafi tsada a shekara. Wanda tafiyarsa ba ta ɗaure da wata rana ba, ya tafi a Mayu ko farkon Yuni, ko ya haƙura sai Oktoba.

Sai dai ɗan Najeriya ba shi da 'yancin Bature na ya ga araha a Janairu ya danna ya saya. Biza ce ke riƙe da linzami. Birtaniya ba ta karɓar takardar neman bizar ziyara sai ya rage wata uku ko ƙasa da haka a yi tafiya, kuma amsa takan ɗauki kimanin mako uku, wani lokaci ta wuce idan aiki ya yi musu yawa. Su da kansu ba sa neman ka haɗa da tikiti a cikin takardunka. To mai son tashi 15 ga Yuli, ya shigar da takardunsa 15 ga Afrilu, kada ya ƙara ko kwana ɗaya. Idan Allah ya sa an dace, farkon Mayu biza tana hannu, ranar da ta fito ranar za a yanki tikiti. A ganina wannan shi ne lokaci mafi dacewa ga mai neman biza sabuwa. Wanda kuwa ke da biza mai shekara biyu ko biyar a fasfonsa ba shi da uzurin wuce watan Maris. Ƙasashen Shengen na Turai sun fi sassauci a nan, suna karɓar takardu tun saura wata shida, matsalarsu samun ranar ganawa.

Akwai masu yankar tikiti kafin biza don gudun tsada. Ban hana ba, amma a tambayi ejan ƙarara: idan an hana ni biza, nawa za a dawo mini da shi? A sa shi ya rubuta. Tikitin araha mafi yawa ba a mayar da kuɗinsa sai ɗan abin da ya shafi haraji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wata yayata, 'yar wan mahaifina, ta shirya zuwa Manchesta wajen ɗanta da matarsa ta haihu. Bizarta ta Birtaniya lafiya lau. Wani ejan ya samo mata tikiti da ya fi sauran sauƙi da kuɗi masu kauri, za a tashi Abuja da dare, a sauka wani babban filin jirgi a Turai da asuba, a jira awa uku, a canja jirgi. Ta biya, ta sayi kilishi da daddawa da kayan jarirai, aka yi mata rakiya tun daga Zariya. A wajen awon kaya ma'aikaciyar ta juya fasfon gaba da baya, ta ce, "Hajiya, ina bizar yada zango?" Ta ce, "'Yar nan, ai ba sauka zan yi a garinsu ba, wucewa zan yi." Ma'aikaciyar ta ce ta sani, amma doka ce, idan suka ɗauke ta kamfanin za a ci tara, ita kuma a juyo da ita a jirgi na gaba. Aka kira ejan, ya ce shi ya sha tura mutane ta wannan hanya. Gaskiya ya faɗa, ya sha turawa, amma a da. A daren nan ta kwana Abuja gidan dangi, tikitin ya tafi a banza, aka sake yankar wani a farashin ranar. Suna kuwa an yi ba ita.

Ga yadda dokar take. Najeriya da Gana suna cikin jerin ƙasashen da duk ƙasashen Shengen ke neman 'yan ƙasarsu su riƙe bizar yada zango, ko da ba za su fita daga cikin filin jirgi ba. An ɗauke wa wanda ke da bizar Shengen, ko bizar Amurka, Kanada ko Japan mai rai. A da bizar Birtaniya ma tana wadatarwa, domin tana cikin Tarayyar Turai. Tun daga 1 ga Janairun 2021, bayan ficewarta, wannan rangwame ya faɗi. Ma'ana, mai bizar ziyarar Birtaniya kaɗai da zai bi ta Faris ko Amstadam ko Farankfot, sai ya nemi wata bizar daban, kuɗinta yuro 90 tun daga tsakiyar 2024, ban da zirga-zirga da neman ranar ganawa a lokacin da kowa ke nema. Idan kuma tikitin ya ƙunshi sauka biyu a cikin Shengen, bizar yada zangon ma ba ta isa, sai cikakkiyar biza. Shafukan sayar da tikiti na intanet ba ruwansu da launin fasfonka, mafi araha suke jerowa a sama. Ejan kuwa, wanda aikinsa ne ya sani, wasunsu ba abin da suka iya sai tura lambar asusu. Ina ganin rashin imani ne mutum ya karɓi miliyoyin dattijuwa bai buɗe fasfonta ya duba ba.

Mai bizar Birtaniya kaɗai yana da hanya biyu. Ko ya hau mai tafiya kai tsaye, awa shida da ɗoriya: British Airways daga Abuja da Legas, Virgin Atlantic daga Legas, ko Air Peace. Ko ya bi ta Alƙahira, Adis Ababa, Doha ko Istanbul, inda ba a neman biza matuƙar tikiti ɗaya ne kuma ba a fita daga filin jirgi ba. Mutanen Kano suna da sa'a a nan, domin EgyptAir da Ethiopian da Qatar Airways suna tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Hanyar ta fi tsawo, amma kaya suna wucewa har Landan ba tare da ka sake ɗaukarsu ba. A dai lura da lokacin aikin Hajji, wanda ke matsowa da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, yanzu yana faɗowa wajen ƙarshen Mayu da farkon Yuni. Waɗannan hanyoyi kan cika a makonnin tafiyar alhazai da dawowarsu.

Batun kuɗi. Tikitin ƙasar waje da dala ake lissafa shi, sannan a juya shi naira a canjin ranar. Duk wanda ya ce maka ga farashin Landan a naira, tambaye shi na wace rana. Kafin Yunin 2023 dala a hukumance ba ta kai naira 500 ba, farkon 2024 ta haura 1,500. Tun kafin nan kuɗin kamfanonin jirage na waje, ɗaruruwan miliyoyin dala, sun maƙale a Najeriya, suka rufe mana gidajen araha gaba ɗaya, har Emirates ta daina zuwa a 2022 ba ta dawo ba sai Oktoban 2024. Da Air Peace ta fara Legas zuwa Gatwick ranar 30 ga Maris 2024 a kan naira miliyan 1.2 zuwa da dawowa, nan da nan sauran suka sauko da nasu, abin da ya nuna mana cewa tsadar da muka sha ba duka ce ta dole ba.

Shawarata ga mai tafiyar Yuli ko Agusta a kujerar baya, ya ware dala 1,200 zuwa 1,800 ga kowane babba, zuwa da dawowa. Mai yanka da wuri ta hanyar yada zango zai faɗo ƙasa-ƙasa, mai jira sai saura mako biyu kuma yana son kai tsaye kada ya yi mamaki in an wuce da shi dala 2,000. Idan dala tana naira 1,500, dala 1,200 ta zama miliyan 1.8. Naira ta faɗi da 100 kacal, an ƙara maka 120,000 ba tare da kamfani ya taɓa farashi ba. Wani kaso na kuɗin ma haraji ne da ba ya raguwa: dala 100 ta filin jirgin Najeriya, kashi 5 cikin ɗari na hukumar kula da sufurin jirage, da harajin tashi daga Birtaniya wanda ya kai fam 90 a 2025. Yaro ɗan shekara biyu zuwa goma sha ɗaya rangwamensa kaɗan ne, kada a yi lissafin rabi.

A duba kaya kafin a yi murnar araha. Mun saba da jaka biyu masu kilo 23, amma akwai tikitin da jaka ɗaya ya ƙunsa, kuɗin ta biyu a filin jirgi ya cinye sauƙin.

Sai wani abu da ke kusa da tarkon bizar yada zango wajen ɓarna. Ejan zai turo maka takarda mai sunanka da ranar tashi da wata lamba mai haruffa shida, ya ce an gama. Wannan kama kujera ce kawai, tana da wa'adi, in ya cika ba a biya kamfani ba sai ta goge. Tikiti na gaskiya yana da lambobi 13, uku na farko na kamfanin ne: 071 Ethiopian, 077 EgyptAir, 157 Qatar Airways, 125 British Airways, 235 Turkish Airlines. Ka shiga shafin kamfanin da kanka, ka sa haruffan nan shida da sunan mahaifinka kamar yadda yake a fasfo, ka ga lambobin 13 da idonka. In ba ka iya ba, ɗanka ko jikanka ya iya.

Wanda zai tashi daga Abuja ko Legas amma yana Kano, Sakkwato ko Yola, ya isa tun jajiberin tafiya. Yuli da Agusta tsakiyar damina ce, hadari ɗaya na iya zaunar da jirgin cikin gida awa biyar, kuma kamfanin waje ba ruwansa da tikitin da ba shi ya sayar ba. In ka rasa zuwa, dawowar ma sun soke ta.

Talata da Laraba sun fi Juma'a da Lahadi sauƙi. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla, katin rigakafin shawara yana cikin jaka.

Kafin ka tura wa kowa ko sisi, ka sa a rubuto maka sunan kowane gari da jirgin zai sauka, zuwa da dawowa. In ka ga garin Shengen a ciki, kuma bizar Birtaniya ce kaɗai a fasfonka, ka ce a canja hanya ko da za ka ƙara kuɗi.