Yaushe Za Mu Sake Rufin Soro?

A ƙasar Dambatta da Bichi, da rani muke duba rufi. Ba mu jiran ruwan Agusta.

Ɗan yoyo ba ya sa a sake rufi. Sai mu yi yaɓe, mu gyara indararo.

Amma azara ce ƙarfin soro. In ta lanƙwasa, ko mun ga ginin gara a kanta, mu soka mata wuƙa. In wuƙa ta shige, gari ya zubo, azara ta mutu. Ƙarin yaɓe ƙarin nauyi ne. In ƙasa ta jiƙe, tana iya ruftowa kan yara da dare.

Mu fitar da iyali. Mu kira magini ya sa sabuwar azarar giginya.

Tambaya: Yaushe yaɓe ba ya isa?