Darasi na 14: Mai Kare Kifi a Ruwa da a Kotu

Ɗalibai, Jihar Neja jiha ce mai albarkar ruwa. Kogin Kwara ya ratsa ta, haka ma Kogin Kaduna. A kan waɗannan koguna aka gina manyan madatsun ruwa da ke ba ƙasa wutar lantarki: Kainji a 1968, Jebba a 1985, Shiroro a 1990, sai Zungeru daga baya-bayan nan. Kowace madatsa ta tara babban tafki a bayanta, kowane tafki kuma yana ciyar da dubban masunta da iyalansu. Busasshen kifin da kuke gani a kasuwar Kure ta Minna, da yawansa daga irin waɗannan wurare yake fitowa.

Sai dai kifi ba ya ƙaruwa don kawai ruwa yana nan. Dole a bar shi ya girma, ya yi ƙwai, 'ya'yansa su tashi. Wannan darasi zai nuna muku wata sana'a da ta haɗa fannoni uku: sanin rayuwar kifi, da kiyaye muhalli, da aikin shari'a.

Bari mu fara da idon taru. A shekarar 1992 Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka mai lamba 108, wadda ta shafi su a koguna da tafkuna. Dokar ta hana kamun kifi da guba, ko da nakiya, ko da wutar lantarki. Ta kuma hana amfani da tarun da idonsa bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da wanda ake kama wasu ƙananan kifaye da shi, waɗanda dama can ba sa girma. To, daga ina aka samo wannan adadi? Lauya ba zai iya ƙirƙiro shi daga kansa ba. Sai masanin kifi ya auna kifaye masu yawa, ya gano girman da suke kaiwa kafin su fara ƙwai, sannan ya faɗi irin idon da zai bar ƙanana su wuce ya tare manya.

Ku ɗauki misalin karfasa. Uwar karfasa a cikin bakinta take ɗaukar ƙwanta har su ƙyanƙyashe, kuma ko bayan sun fito, idan suka ga haɗari sukan koma bakinta su ɓuya. Wanda ya kama ta a wannan lokaci bai kama kifi ɗaya ba, ya hallaka ɗaruruwa. Haka kuma kifaye da yawa, irin su tarwaɗa, da damina suke bin ruwa su shiga fadamu su yi ƙwai. Wanda ya san haka shi zai iya cewa a rufe wuri kaza a wata kaza. Kakanninmu sun san wannan tun kafin zuwan boko. Sarkin Ruwa yakan hana su a wani gurbi har sai lokacin da ya ga ya dace, kamar yadda ake yi a Argungu kafin bikin kamun kifi.

A tafkin Kainji an ga yadda ilimi da doka suke buƙatar juna. Akwai wani taru da masunta ke kira dala. Dogo ne, idonsa ƙanana ne ƙwarai, ana jan sa daga cikin ruwa zuwa gaɓa, yana kwashe duk abin da ya tarar. Wurin da ake jan sa kuwa, wato bakin ruwa mara zurfi, nan ne 'ya'yan kifi suke zama. A shekarun 1990 masu bincike na Nijeriya da na Jamus suka yi aiki tare a tafkin. Sun ƙidaya jiragen su da taruna, sun auna abin da ake kamawa, suka nuna irin ɓarnar da dala ke yi. Jihohin Neja da Kebbi, waɗanda suka raba tafkin tsakaninsu, suka haramta shi.

Rubuta doka abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da zartar da ita. Mai dala ya kashe kuɗi masu yawa wajen sayen tarunsa, kuma yana da yara masu ja masa, kowannensu da bakin da yake ciyarwa. Idan jami'i ya zo ya ƙwace tarun ya tafi, ba tare da ya yi bayani ba, gobe za a sayo wani a riƙa ja da dare. Hausawa na cewa, kifi na ganin ka, mai jar koma. Masunci ma yana ganin jami'i tun daga nesa. Shi ya sa aka jawo sarakuna da sarakunan ruwa cikin aikin. A ganina, wannan shi ne ɓangaren sana'ar da ya fi wuya, domin ba a koyon sa a ɗakin gwaje-gwaje: ka zauna da mutumin da za ka rage wa abincin yau, ka gamsar da shi cewa abincin baɗi kake tsare masa.

Yanzu mu shiga kotu. A ce an wayi gari an ga kifaye sun mutu suna yawo a saman ruwa a wani rafi kusa da Minna. Mutanen gari suna zargin wani ya zuba guba, wasu kuma suna cewa masu wankin zinariya ne suka gurɓata ruwan. Alƙali ba ya yanke hukunci da zargi, hujja yake nema. Dole a ɗebi ruwan da kifin tun ba a daɗe ba, a zuba a mazubi mai tsabta, a rufe, a rubuta rana da lokaci da wuri da sunan wanda ya ɗiba. Duk hannun da mazubin ya bi har ya isa ɗakin gwaje-gwaje sai an rubuta shi. Idan aka tsallake mataki ɗaya, lauyan wanda ake tuhuma zai tambaya, "Wa ya tabbatar ba a musanya ruwan a hanya ba?" Shari'ar tana iya rushewa a kan wannan tambaya kaɗai. Masanin kifi da bai san ƙa'idar shaida ba zai yi wannan kuskure. Lauyan da bai san kimiyya ba kuma, ko an miƙa masa sakamakon gwaji ba zai gane abin da ya ƙunsa ba. Akwai ma wani aiki da ke jiran masu tasowa: tarar da aka yanka a 1992 ta zama kuɗin da bai taka kara ya karya ba a yau, saboda haka dokar tana buƙatar masu gyara ta.

Ina ake koyon wannan sana'a? Ba sai kun yi nisa ba. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da sashen da ke koyar da albarkatun ruwa da kiwon kifi, karatun shekara 5. A New Bussa akwai cibiyar ƙasa ta binciken kifin koguna da tafkuna, wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji a 1968, da kuma kwalejin da ke horar da ma'aikatan kifi. Karatun lauya shi ma shekara 5 ne a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, sai shekara 1 a Makarantar Horar da Lauyoyi. Wanda ya riga ya yi digiri akan ɗauke shi daga aji biyu.

Ga wani tarko da ya kamata ku sani tun yanzu. A babbar sakandare ana raba ku gida-gida, ciki har da 'yan kimiyya da 'yan adabi. Karatun kifi yana buƙatar ilimin halittu da ilimin sinadarai, karatun lauya kuma a yawancin jami'o'i yana buƙatar adabin Ingilishi. Ɗalibin kimiyya da ke son ya bar ƙofar shari'a a buɗe, ya nemi shawarar malaminsa kan yadda zai rubuta adabin, ko a makaranta ko a jarrabawar masu zaman kansu ta WAEC ko NECO. Hedikwatar NECO ma a nan Minna take.

Ba lallai ne kowa ya yi digiri biyu ba, don hanyar tana cin shekara goma ko fiye. Wani zai tsaya a kimiyya ya ƙware a dokokin kifi, ya zama jami'i ko mai ba da shaida a kotu. Wata za ta zama lauya ta ƙware a dokokin muhalli. Wuraren aiki sun haɗa da ma'aikatun jiha, da hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don zartar da dokokin muhalli, da hukumar HYPPADEC mai kula da al'ummomin da ke zaune kusa da madatsun lantarki, wadda hedikwatarta ke Minna.

Ma'anar kalmomi
su: sana'ar kamun kifi
masunci: mai sana'ar su
idon taru: kowace kafa da ke jikin saƙar taru
gurbi: wuri mai zurfi a cikin kogi
koma: ƙaramar ragar kamun kifi da ake riƙewa a hannu
zartar da doka: sa mutane su bi ta
bai taka kara ya karya ba: ba shi da yawa ko muhimmanci

Tambayoyi
1. Waɗanne hanyoyin kamun kifi uku dokar 1992 ta hana?
2. Me ya sa kama uwar karfasa mai ƙwai a baki babbar asara ce?
3. Ku bayyana yadda dala ke ɓata tafki.
4. Me zai iya rushe shari'ar gurɓata ruwa a kotu?

Aikin gida
Ku ziyarci mai sayar da kifi a unguwarku. Ku tambaye shi sunayen kifaye biyar da Hausa da inda ake kawo su, sannan ku rubuta abin da ya faɗa cikin jimloli goma.